Motoci Uku a Hawan Kibo

Hanya biyu ce sananniya ga mai barin Kaduna zuwa Jos. Akwai ta Pambeguwa da Saminaka, wadda yawancin direbobin haya ke bi. Akwai kuma ta kudu, ta Kachia da Kafanchan, wadda in ka zarce ta Gidan Waya za ta kai ka gindin Hawan Kibo. Ta biyun ta fi nisa, kuma ita muka zaɓa da gangan, domin mu ukun da muka yi ayari zuwa wani ɗaurin aure a Jos duk masu ciwon mota ne, kowa yana so ya ga yadda tasa za ta yi da wannan hawa.

Ni ina cikin Peugeot 504 salun, fara, harhaɗin Kaduna, mai giya huɗu ta hannu. Alhaji, aminin marigayi mahaifina, yana cikin Mercedes 230E, wadda ake kira Bi-but, kuma ba ya yarda kowa ya wanke masa ita sai shi da kansa. Na ukunmu ɗan yayata ne, matashi ma'aikacin banki, da Honda Accord ƙirar 2003.

A Kakuri muka haɗu bayan sallar asuba, ba nisa da masana'antar Peugeot. Alhaji ne ya zaɓi wurin, ya ce ya kamata motata ta gaida gida kafin ta kama hanya. A 1975 aka buɗe masana'antar, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassan motocin daga Liyon ta Faransa a sauke a Kano, sannan manyan motoci su kawo su Kaduna a harhaɗa. Alhaji ya ga wannan zamani da idonsa. Ya ce a lokacin Volkswagen na harhaɗa nata a Legas, Steyr na Bauchi, Fiat na Kano, Leyland na Ibadan, amma babu wadda ta shiga jinin mutane irin 504. Ita ce motar gwamna, ita ce ta babban sakatare, ita ce ta 'yan sanda, doguwarta kuma ita ke lodi a kowace tasha. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan haka.

Muka fita ta Sabon Tasha, muka wuce matatar mai, muka bar Kujama da Kasuwan Magani a baya. Tun farko mun yi shawara cewa da rana kawai za mu yi tafiya, kuma ba wanda zai yi nisa da ɗan'uwansa, saboda halin da hanyoyin yankin suka shiga a 'yan shekarun nan.

Kafin Kachia akwai wuraren da kwalta ta mutu, sai ramuka da gargada da jar ƙasa, kuma a nan na fi jin daɗin motata. Idan tayar 504 ta faɗa rami ba ka jin duka a kwankwaso. Motar takan nitse a hankali, ta taso sau ɗaya, ta daidaita, ta wuce, kamar raƙumi a kan rairayi, yana lilo amma ba ya tuntuɓe. Ba tsafi ba ne, ƙira ce. Sifirin ɗinta dogaye ne, an ba taya isasshen wurin hawa da sauka kafin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Tayoyinta masu kaurin gefe ne, suna shanye rabin dukan kafin ya iso ciki. Farfelar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samunta. Kujerun kuma masu laushi ne, an yi su ne su ƙarasa aikin da shokozoba ta fara. Sitiyarin babba ne, siriri, ba shi da na'urar sauƙaƙa murzawa. A tsaye yana da nauyi, amma da mota ta fara tafiya sai ya saki, kuma duk abin da tayar gaba ta taka yana isowa tafin hannunka: wannan tsakuwa ce, wannan yashi ne, nan kwalta ta dawo. A madubi ina hango ɗan yayata yana karkata motarsa, yana shiga kowane rami ta gefe don kada bambar gaba ta daki ƙasa. Alhaji kuwa yana tafe a tsakiyarmu, bai ƙara gudu ba, bai rage ba.

A Kachia muka tsaya karin kumallo wajen wani mai shayi. Garin citta ne, an baza ta a tabarmi da leda a bakin hanya tana shan rana, ƙamshinta har cikin mota. Motocin uku suna jere a gabanmu, ai kuwa gardama ta tashi tun kafin a soya ƙwai.

"Kawu, don Allah dubi bayan motarka," in ji ɗan yayata. "But ɗin nan ya taho daidai, sai kawai ya karye ya yi ƙasa. Wane ne ya zana wannan?"

Na ce masa gidan Pininfarina ne na birnin Turin a Italiya, gidan da ya daɗe yana zana wa Ferrari motoci, kuma wannan karyewar da yake raina ita ce ke sa ka gane 504 daga nesa ko da ƙura ta rufe ta. Na kai shi gabanta na nuna masa fitilun, waɗanda ba zagaye ba ne, ba kuma murabba'i ba, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, har fuskar motar ta zama tana kallonka. An fito da ita a 1968, kuma a 1969 ita ta ci kambun motar shekara ta Turai. Sannan na sa shi ya zauna a kujerar direba. Ginshiƙan da ke riƙe rufin sirara ne, gilashi ya kewaye ka, kana ganin inda hancin mota ya ƙare dama da hagu. Mai wannan mota ba ya buƙatar kyamara kafin ya yi ribas a lungun kasuwa.

Alhaji ya bari muka gama, ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce, "Malam, taka ɗan Italiya ya zana ta, tawa ma ɗan Italiya ne, Bruno Sacco, sai dai shi a Jamus ya yi aikinsa, ya koyi kamun kai." Ya tashi da sandarsa ya zagaya da mu. Ya nuna yadda bayan motar ke tsukewa a hankali don iska ta wuce ba ta riƙe ta ba. Ya shafa fitilun baya masu gurbi-gurbi, ya ce an yi su haka ne don ko laka ta fantsama, cikin gurbin zai ci gaba da ba da haske. Ya kunna mana waifa, guda ɗaya tak, wadda ke miƙewa ta kai lungun gilashi ta dawo. "A ƙarshen 1984 aka fito da wannan ƙira. Nuna mini abu ɗaya a jikinta da aka liƙa don ado kawai. Babu. Shi ya sa ba ta tsufa. Ado ne ke tsufa, jikana."

Yaron bai ja da baya ba, na kuwa ji daɗin haka. Ya ce ginshiƙan motarsa sun yi kauri ne don in ta kife rufin kada ya danne mutum, hancinta ya yi ƙasa ne don ta sha iska ta rage shan mai, kuma duk wanda ya zana mota yau ba shi da 'yancin da masu zanen 1968 suka samu. Gaskiya ya faɗa. Abin da nake ƙi ga motocin yanzu ba muni ba ne, kamanni ne. Ka tsaya a bakin titin Ahmadu Bello a Kaduna ka rufe tambarin motoci goma da hannu, da wuya ka raba bakwai daga cikinsu.

Daga Kachia muka bi ta Zonkwa, ƙasa ta fara tudu da kwari, duwatsun Kagoro suka bayyana can gaba. A Kafanchan, tsohon garin mahaɗar jirgin ƙasa, na nemi bakanike ya duba mini mota kafin hawa. Ba abin da ya same ta, al'ada ce kawai. Aka nuna mana wani dattijo a ƙarƙashin mangwaro, rigarsa ta rine da baƙin mai. Da ya ɗaga bonet ya ga injin nan da ke kwance a karkace, sai ya yi murmushi ya ce, "Sannu da zuwa, 'yar gida." Ya matsa fanbel da babban yatsa, ya leƙa ruwan lagireto, ya ce in tayar. Sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsar da ita gaba kaɗan, ya sake saurare. Daga nan ya koma kan kafireto ya murɗa wani ɗan sukuru kwata, ya dakata, ya ƙara kaɗan, har karkarwar da sandar giya ke yi ta lafa.

"Yallaɓai, Jos za ku hau ko?" Na ce e. Ya ce, "Iskar can sama ba ta da kauri irin ta nan. Na rage mata mai kaɗan don kada ta riƙa shaƙewa. In kun sauko, ka sa a mayar." Ɗan yayata ya tambaye shi ko zai duba tasa. Dattijon ya girgiza kai. "Taka kwamfuta ke yi mata wannan lissafin, ɗana, kuma ta fi ni iyawa. Amma ran da ta yi fushi, sai an kawo wata kwamfutar ta tambaye ta. Fijo kuwa ba ta ɓoye ciwonta."

Tsakanin Kafanchan da Gidan Waya Alhaji ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba: ya miƙo mini makullinsa, ya karɓi nawa. Tun daga rufe ƙofa ka san ka shiga wata duniya, ƙara ɗaya mai nauyi, sai hayaniyar waje ta yanke. Kujerar tana da tauri, totur ɗin yana da nauyi da tsawo, sai ka taka da niyya kafin motar ta amsa. Birkin ajiye mota ma da ƙafa ake taka shi. A kan hanya kuwa ba ta lilo irin tawa, tana danne ƙasa ne, kowace tayar baya sanduna biyar ke riƙe da ita, kuma ko ka shiga kwana da ɗan sauri ba ta nuna ta damu. Sai dai sitiyarin ba ya ba ka labari. Ramin da 504 za ta gaya maka zurfinsa, Mercedes sai ta haɗiye shi ta yi shiru. Na gane dalilin da ya sa Alhaji ke iya tuƙa ta daga Kaduna har Maiduguri ya sauka bai gaji ba, na kuma gane dalilin da ya sa ni ba zan iya zama da ita ba. Ni ina son motar da ke hira da ni.

Da muka tsaya musayar makulli, Alhaji ya fito daga tawa yana murza kafaɗa. "Tana da daɗi, Malam, amma tana sa mutum aiki. Marsandi an yi ta ne don ta ɗauke maka damuwa, Fijo kuwa so take ku raba."

Ban ji wanda ya taɓa bayyana bambancin da kyau haka ba. A ganina halin mota daga hanyar da maƙeranta suka hango yake fitowa. Masu Mercedes sun hango doguwar hanyar Jamus mai santsi da mutumin da ke da nisan tafiya. Masu wannan Accord sun hango faffaɗan titin Amurka da ma'aikacin da ke son ya isa ofis cikin sanyi. Masu 504 sun hango hanyoyin karkarar Faransa da na Afirka, masu faci da gargada, shi ya sa ta zo nan ta tarar da gida. Ba banza ba ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da ita, sannan mai ƙofa biyu da injin V6 ta sake cin Safari a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Akwai motocin da suka fi ta ƙarfin inji a waɗannan gasanni. Ita ta fi su jure duka.

Daga Gidan Waya muka fito mahaɗar Forest, muka hau hanyar da ta taso daga Akwanga, ba jimawa tsaunin ya tsaya a gabanmu.

Hawan Kibo ba wurin wasa ba ne. Nan ne hanya ke barin ƙasan tudu ta hau Filato, tana lanƙwasa a jikin dutse, kuma an yi asarar rayuka da yawa a wurin, galibi sakamakon manyan motocin da birkinsu ya tsinke a gangara. Tun daga ƙasa muka tarar da tireloli da tankoki suna jan ciki, hayaƙi baƙi na tashi, wani yaron mota yana tafe a ƙasa kusa da taya riƙe da weji, ko da motar za ta ja da baya. Na sauke gilashi don in ji injina da kyau. A giya ta huɗu na shigo. Da na ji muryarta ta fara nauyi, na taka kuloci na dawo ta uku, ta ɗauka da sabon ƙarfi. Kwana ta farko ta zo ta hagu. Motar ta kwanta gefe sosai, yadda wanda bai san ta ba zai tsorata, amma da ta kwanta sai ta tsaya a haka, ta riƙe layinta, tayoyin baya suna turo ni daga ƙugu, na gaba ba su da wani aiki sai nuna hanya. Na saki sitiyarin kaɗan-kaɗan yana zamewa a cikin yatsuna har ya miƙe da kansa. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a allurar zafi, wadda ta ɗan haura tsakiya ta tsaya. Inda hawan ya fi tsanani na bi bayan wata tanka a giya ta biyu, ban yi yunƙurin wucewa ba sai da hanya ta buɗe na ga gabana sarai, sannan na fita, injin yana kuka mai tsabta ba tari. Duk wannan ban kai gudun da zai ɗaga wa kowa hankali ba. Ni dai a wurina daɗin tuƙi ke nan: hannu biyu da ƙafa biyu da kunne duk suna aiki, kowace giya kai ka zaɓe ta a lokacinta, kuma motar tana gaya maka ko ka yi daidai.

Da muka gama hawan muka tsaya muka yi sallah, muka sayi ayaba da gyaɗa wajen matan da ke talla a bakin hanya. Iska ta riga ta canja, ta yi sanyi. Rigata ta jiƙe a baya, ta ɗan yayata kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

"Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi. "Abin da kake kira hali, wahala ce da ka saba da ita. Ni na hau da na'urar sanyi a kunne, ban taɓa giya ba. Kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ni ina da jakar iska da birkin da ba ya kulle taya. Kai me kake da shi?"

Ba ni da su, kuma ba zan ce wa mai iyali ya bar motar da ke da su ya koma wadda ba ta da su ba. Rai ya fi ƙarfe. Amma na tambaye shi ko ya ji daɗin hawan, sai fuskarsa ta sake. Ya ce akwai inda hanya ta buɗe ya taka totur har ƙasa, giya ta sauko da kanta, injin ya haura juyi dubu biyar, muryarsa ta canja ta yi kaifi, motar kuma ta shiga kwana a miƙe ba ta kwanta ba ko kaɗan. Yana faɗa yana nunawa da hannu. Ashe shi ma kunnensa na kan inji, shi ma ya ji yadda tayoyinsa suka kama ƙasa. Ciwonmu ɗaya ne, maganin kowa daban. Alhaji dai bai ce komai a kan hawan ba, illa ya nuna mana allurar zafin motarsa, wadda ba ta motsa daga inda take tun Kaduna ba.

Sauran tafiyar mai sauƙi ce. Muka wuce duwatsun Riyom da suka hau kan juna, muka ratsa Mararrabar Jama'a da Bukuru, inda tsofaffin ramukan haƙar kuza suka zama tafkuna, masu dankalin Turawa da kabeji da karas sun jera kaya a bakin titi. Muka shiga Jos da la'asar, garin da ke sama da mita 1,200 daga teku, kowa ya nemi rigar sanyi.

Bayan an ɗaura aure washegari, na ja su zuwa Farar Gada wajen masu kayan gyara, don gilashin fitilata ta dama ya daɗe da tsagewa. Shago bayan shago ana ce mana babu, kayan Toyota da Honda ne suka cika ko'ina. A can ƙarshen layi wani mutum ya shiga cikin rumfarsa ya daɗe, ya fito da guda biyu naɗe a tsohuwar jarida, na asali, ba ko ƙwarzane. Ya ce ba zai raba su ba, sai dai in ɗauki duka. Na fara ciniki, Alhaji ya dafa ni ya ce, "Malam, biya shi. In ka bar su yau, ba za ka sake ganin irinsu ba." Na biya. Ɗan yayata ya karɓa ya sa a but ɗin motarsa, ya ce tasa ce ba ta da ƙura a ciki, muka juya muka kama hanyar Saminaka.